Farfesun da Ya Ɗage Aikin Baba

Babanmu mahauci ne, amma ba ya taɓa tsoka. Kayan ciki ne sana'arsa: tumbi, hanji, hanta, huhu, ƙoda. Tun kafin a haife ni teburinsa yake a wuri ɗaya a kasuwar Agege, daf da layin dogo, inda in jirgi ya taho sai kowa ya dafe farantinsa har ya wuce. Matan Yarbawa masu sayen tumbi, wanda suke kira shaki, sun fi mu ganinsa, don da su yake wuni yana ciniki da Yarabancinsa na kasuwa. Ni ce babba a gidan. Uwata yake ce mini, saboda sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

Wata tara ke nan da faruwar abin da zan faɗa, amma har yau in na ji ƙarar taya a kan siminti, ko da baro ne, sai gabana ya faɗi, in tuna gadon asibiti mai taya. Umma ce ta ce in zauna in rubuta, wai ko na huta, su ma su huta da ni.

A gidanmu akwai labarin da ba a son tayarwa, labarin Baffa, yayan Baba. Ban san shi ba, a shekarar da aka haife ni ya rasu. Shekara biyu ya yi yana ganin jini in ya zaga bayi, ana ce masa basir ne, yana ta shan jiƙe-jiƙe. Ko da aka kai shi asibiti, cikinsa ya riga ya toshe. Aka buɗe shi, aka tarar abin ya bazu ko'ina, aka huda masa ƙofa a gefen ciki don bayan gida ya samu hanya, aka rufe, aka sallamo shi. Tsumma ake naɗa masa a wurin, a ɗaure da tsohon zane, kuma Baba ne yake wanke tsumman da hannunsa. Baffa ya daina zuwa masallaci, ya daina fitowa ko ƙofar gida. Wata huɗu ya koma ga Allah. Daga nan Baba ya ɗauki magana guda ya riƙe: wuƙar likita ba ta shiga cikin mutum ya tashi.

To, shekara biyu da komawar soja bariki, na gama sakandare ina zaman jiran sakamako, sai Baba ya fara ramewa. Ni na fara ganewa, don ni nake wanki. Na ga kullin zariyar wandonsa yana ta matsawa ciki, sannan na fara ganin tabon jini. Bayan ƙofar ɗakinsa kwalaben maganin basir suka jeru, irin na masu talla a cikin mota. Na gaya wa Umma, ta ce ta sani, ta yi masa magana, ya ce mata ita da ba ta taɓa feɗe ko kaza da kyau ba me ta sani a kan ciki.

Wadda ta iya da shi wata nas ce 'yar kudancin Kaduna, Kirista, da take aiki a babban asibitin da ke wajen Idi-Araba amma take zaune a Ogba. Sista kowa yake ce mata. Duk Asabar a teburin Baba take sayen hanji, shekara da shekaru. Wata Asabar na kai masa abinci na tarar da ita tsaye, ta riƙe ƙugu tana dubansa.

"Kwastoma, ina sauranka? Rabinka nake gani."

"Zafin Legas ne, Sista."

"Zafin Legas bana ya fara? Ɗago idonka in gani."

Ta ja fatar idonsa ƙasa a gaban mutane, ta ce fari fat kamar takarda. Ta yi masa tambayoyi ƙasa-ƙasa, ya yi ta kauce-kauce. Da ta ga haka sai ta ɗauki kwandonta ta matsa teburin maƙwabcinsa, mutumin da suka shekara goma suna gasa, ta ce a yanka mata hanji. Ta juyo ta ce, "Daga yau nan zan riƙa saye, kana kallo, sai ranar da na gan ka a asibitinmu."

Asabar biyu ya jure. Litinin ta gaba ya ce in shirya in raka shi.

Likitan mutumin gabas ne, ba Hausa ba Yarabanci, don haka ni na zama tafinta. Aka yi gwaje-gwaje, har da wani da ake zura doguwar roba mai fitila ta ƙasa a leƙa hanji. Bayan wannan kwana biyu Baba bai yi wa kowa magana ba. Ranar da muka koma jin sakamako, likita ya ce ciwon daji ne a babban hanji, ta ɓangaren hagu. Na ji shi sarai. Turancin da nake taƙama da shi ya tsaya mini a wuya.

"Uwata, faɗi," in ji Baba. "Na riga na gani a fuskarki, sunan kawai ya rage."

Na ce, "Irin na Baffa ne."

Ya ɗauki hularsa daga gwiwa ya sa, ya miƙe. Likita ya tambaye ni me na ce, sai na ba shi labarin Baffa a gurguje, ina kuka. Bai ce wa Baba ya zauna ba. Takarda ya jawo ya fara zane. Baba ya kai bakin ƙofa, ya waiwayo, ya tsaya.

"Me yake zanawa haka?"

"Hanji ne, Baba."

"Hanjin wa? Ce masa ba haka hanji yake kwanciya ba."

Na faɗa. Likita ya yi dariya ya ce wannan na mutum ne, ba na sa ba. Baba ya dawo ya karɓe biron, ya juya takardar ya zana nasa, suka haɗa kai a kan tebur suna musu, ni ina tsakiya ina kai magana ina kawowa, majina na zuba. Likita ya tambayi shekarunsa a sana'ar. Baba ya ce talatin da ɗoriya. Likita ya ce, "To ka girme ni a hanji, zauna mu yi magana irin ta abokan aiki."

Baba ya zauna, har ya cire hula.

"Kamu nawa zai yanke?"

Likita ya gwada da hannu biyu. Bai kai kamu ɗaya ba.

"Ragowar fa?"

"Zan haɗa baki da baki in ɗinke."

"Hanji yana ɗinkuwa?"

"Na mai rai yana ɗinkuwa har ya haɗe. Kai sai sun mutu suke zuwa hannunka."

Wannan ta yi wa Baba daɗi, na ga gefen bakinsa ya motsa. Likita ya ci gaba, ina fassarawa. Ya ce yayanka ya zo a makare, kuma a zamaninsu sau da yawa sai an buɗe mutum ake sanin abin da ke ciki. Yanzu mun leƙa mun gani kafin mu taɓa wuƙa, kuma bisa ga abin da muka gani naka bai yi nisa ba. Bayan aiki akwai magani da ake sa wa ta ƙarin ruwa, mai bin abin da ido bai gani ba. Ya ce ba shi da alkawarin rai, wannan ba a hannunsa yake ba, amma yana da mutanen da ya yi wa irin wannan aikin shekarun baya, har yau suna zuwa gaishe shi da ƙafarsu.

"Ƙofar gefe fa?" Muryar Baba ta yi ƙasa.

Likita ya ce yana fatan ba za a yi ta ba. In ma ta zama dole, yanzu akwai leda da aka yi don haka, mai mannewa da fata, mutum ya sa rigarsa ya tafi kasuwa ba wanda ya sani, wani ma daga baya a rufe masa. Sista ta ɗauko ɗaya. Baba ya ja ta, ya hura, ya ɗaga ta ga haske kamar mai shirin saye. Ya daɗe yana jujjuya ta. Na san tsumman Baffa yake tunawa.

Sharaɗi ɗaya likita ya kafa: dole hanji ya zama wankakke tas kafin aiki. Kwana biyu ba abinci, sai ruwa da shayi ba madara, da maganin wankin ciki. Baba ya gyaɗa kai ya ce, "Mutumin nan ya san aiki. Ba a sa wuƙa a hanjin da ba a wanke ba, sai ya ɓata nama duka." Sannan ya kafa nasa sharaɗin. "Ce masa sau ɗaya zan kwanta. Ranar da ya sa, in an yi, to. In ta wuce, Allah bai nufa ba, a mai da ni gidana."

Aka sa Alhamis da safe. Tun Talata Baba yake kurɓar wani ruwa mai gishiri-gishiri yana safa tsakanin gado da bayi, wani tsoho Bayarabe da ke gadon kusa yana yi masa kirari duk sa'ad da ya wuce da gudu. Laraba da azahar ya dawo yana riƙe da bango, ya ce, "Uwata, na wanku. Ko ni na wanke iyakar abin ke nan." Sista ta ɗora ni a kan gadi kafin ta tashi daga aiki. Ta ce ko ƙwayar gyaɗa kar ta shiga bakinsa.

Da la'asar, lokacin dubiya, sai ga mahauta.

Mahautanmu suna da al'ada. In ɗayansu ya kwanta ciwo, kowa zai yanki tsoka mai kyau daga teburinsa, a haɗa a kai gidan Sarkin Fawa, shugabansu, uwargidansa ta yi farfesu. A ɗauko tukunya a zo gaba ɗaya, Sarkin Fawa ya tsamo yanka na farko da hannunsa ya miƙa wa mara lafiya, shi kuma ya ci a gabansu. Ma'anar ita ce, kana cikinmu, teburinka yana nan. Ba a taɓa jin wanda ya mayar da hannun Sarkin Fawa ba.

Su goma sha ɗaya suka shigo, manyan riguna, turare ya haɗu da ƙamshin kanumfari da citta. Duk ɗakin ya waiwayo. Sarkin Fawa, dattijo ne dogo mai farin gemu da murya kamar ganga, ya zauna a bakin gado ya buɗe tukunya.

"Dubi yadda suka mai da kai, kamar busasshen kilishi. Yunwa suke ba ka a nan ko magani? Gobe za ka shiga hannun masu wuƙa, ka shiga da ƙarfinka. Bismilla."

Baba ya dube ni. Wallahi ya dube ni, kamar mai neman a cece shi. Ni kuwa ina tsugune a gefe, kaina a ƙasa, dattawa goma sha ɗaya sa'o'in ubana, wanda ma ya raɗa mini suna yana ciki. Maganar tana bakina. Na buɗe baki na ce, "Sannunku da zuwa."

Yanka uku ya ci, ya kurɓi romo. Tsohon Bayaraben ya samu kwano guda, shi ba a hana shi ba. Aka yi addu'a, aka shafa, suka tafi suna murna.

"Yanka uku ne," in ji Baba, bai kalle ni ba. "Kafin gobe sun wuce. Ba sai kin tayar wa mutane da hankali ba."

Washegari da sassafe na ji ƙarar tayar gadon da za a ɗauke shi. Umma tana zaune tana jan carbi. Sista ta shigo da takarda a hannu, tana tambayoyin da aka saba.

"Kwastoma, ka ci wani abu tun jiya?"

"Ko ruwa."

Ta rubuta. Har ta juya, sai ta tsaya ta dube ni. Abu biyu nake gani a gabana. In na yi shiru, likita zai sa wuƙa a hanjin da ba a wanke ba, kuma Baba da bakinsa ya faɗi abin da hakan yake yi. In na yi magana, Alhamis za ta wuce, ya koma gida ya bi Baffa.

Na ce, "Ya ci nama. Yanka uku, da romo."

"Ke!" in ji Baba. Bai taɓa ce mini ke haka ba.

Likita ya zo, ya ji, ya dafe kai. Ya ce ba zai yanka a haka ba, sai Alhamis mai zuwa. Aka mayar da gadon mai taya, babu kowa a kai. Baba ya tashi zaune ya naɗe dardumarsa ya ce magana ta ƙare, a ba shi rigarsa.

Umma ba mai yawan magana ba ce. Ta ce, "To, Malam." Ta buɗe ɗan kabad ɗin gefen gado, ta kwashe riga da wando da hula da takalmi ta cusa a jaka, ta ce sun yi datti, bari ta je Agege ta wanko. Kafin ya gane ta kai bakin ƙofa. Aka bar shi da rigar asibiti, irin wadda bayanta a buɗe yake. Tsohon Bayaraben ya yi dariya har sai da ɗinkinsa ya yi masa ciwo.

A bakin get Umma ta ce mini, "Na saya miki wuni ɗaya. Gobe zai iya fita da zanen gado."

Lokacin wayar hannu ba ta zo hannun irinmu ba. Na hau danfo, ƙaramar bas ɗin haya, zuwa Oshodi, na canza wata zuwa Agege, na hau babur ɗin okada zuwa mayanka. Ban taɓa shiga ba duk da a kanta muka ci muka girma. Jini yana bin kwata, shanu na kuka, maza da wuƙaƙe suna tsayawa suna kallon yarinya da hijabi tana tsallake kashin shanu. Na tarar da Sarkin Fawa a ƙarƙashin rumfa, ba babbar riga, hannu jina-jina.

"'Yata, lafiya? An fito da shi?"

Na durƙusa. Duk abin da na shirya a mota ya gudu. A gefensa akwai baho cike da hanjin da aka ciro yanzu, ba a kai ga wankewa ba. Ban san lokacin da na sa hannu na ɗago ɗaya ba.

"Ranka ya daɗe, in aka yanka wannan a kan tsoka, me zai faru?"

"Wane mahaukaci ne zai yi haka? Ai nama ya tashi daga aiki."

"Kwana biyu ana wanke na Baba. Ya wanku tas. Jiya da la'asar..."

Ban ƙarasa ba. Ya dubi hanjin, ya dube ni, ya dubi mutanensa da suka kewaye mu. Ya ce, "Innalillahi. Mu ne muka zuba masa ƙazanta ke nan, da hannuna." Sai kuma ya ɗaure fuska. "Ke kuma kina wurin kika yi shiru?"

"Na ji kunya, ranka ya daɗe."

"Kunya. Aka kai ki boko shekara goma sha biyu ki dawo mana da kunya. Ajiye hanjin nan, ki wanke hannu. Wa ke da mota a nan?"

A motar ɗaukar nama muka koma, ni a gaba tsakanin direba da Sarkin Fawa. Muka tarar da Baba zaune ya juya wa ƙofa baya, ya lulluɓe da zanen gado.

"An ce za ka gida," in ji Sarkin Fawa.

"Ranar ta wuce, ranka ya daɗe. Allah bai nufa ba."

"Kar ka ɗora wa Allah farfesun matata. Kai ne mai kayan ciki a cikinmu. Da ka ce mini ana wanki, zan ba ka? Ka yi shiru kamar amarya, ka bar yarinya da kaya. Shekara talatin kana zagin yara a kan hanjin da bai wanku ba, ashe naka za ka miƙa wa mutum da datti."

"Ba a mayar da hannunka."

"To ga hannun nawa, na sa shi a kafaɗarka, na ce ka kwanta. Mayar in gani."

Baba bai mayar ba. Ya yi ta gunaguni cewa an haɗa masa kai, da mata da 'ya da sarki, amma ya kwanta.

Sarkin Fawa bai tsaya nan ba. Da aka fara sabon wanki, ya sa dattawa biyu-biyu su riƙa zama a kan benci a ƙofar ɗakin duk lokacin dubiya. Duk wanda ya zo da kwano, a karɓa a yi godiya, a cinye a nan. Fura, kunun gyaɗa, dambun nama, har tuwon amala da wata kwastomarsa ta kawo daga Mushin. Baba yana jiyo ƙarar cokali daga gado yana cewa, "Allah ya isa, ciwo nawa, ƙiba taku." Ni dai bai yi mini magana ba duk satin. In yana son buta sai ya ce wa Umma, "Ce wa 'yar rahoton nan ta miƙo."

Alhamis ta zo. Sista ta yi tambayarta, ya ce, "Tambayi 'yar sanda." Na ce bai ci ba. Da suka fara tura gadon, ya miƙo hannu ya kama yatsana, har sai da ƙofa ta raba mu.

Ban san awa nawa aka yi ba. Na san dai an yi azahar muna zaune, mahauta sun cika baranda, ba mai ko tari. Da likita ya fito sai na miƙe na yi fassarar. Ya ce ya cire, ya haɗa, ya ɗinke. Ya ce in gaya wa abokin aikinsa bai taɓa samun wanki mai kyau irin wannan ba.

Da Baba ya fara farfaɗowa daga allurar barci, idonsa a rufe, sai na ga hannunsa yana tafiya a hankali a kan zane. Ya bi ta hagu, ya shafa gefen cikinsa, ya sake shafawa. Ya koma dama. Na sunkuya na ce, "Babu, Baba. Ba a yi ƙofa ba." Hawaye ya gangaro masa ta gefen kunne. Ya ce, "Uwata." Ranar sunana ya dawo.

Ashe da saura. Likita ya ce ba za a san ɗinki ya kama hanya ba sai iska ta fita ta ƙasa, kuma kafin nan ba ci ba sha. Kowace safiya Sista za ta tsaya a tsakiyar ɗaki ta ce, "Kwastoma, an yi tusa?" Ni in rasa inda zan sa kaina. Baba ya ce, "Sista, a gaban 'yata?" Ta ce, "'Yarka ta ɗauki hanji da hannu a mayanka, wannan ne zai dame ta?" Kwana ɗaya, shiru. Kwana biyu, shiru. Tsoro ya dawo mini sabo, na riƙa kallon cikinsa ina ganin kamar yana kumbura. Na kasa cin komai.

Rana ta uku da la'asar, Sarkin Fawa yana zaune a bakin gado yana ba da labarin wani sa da ya tsinke igiya ya shiga shagon aski, sai aka ji ta. Doguwa, har da lanƙwasa a ƙarshe. Ɗakin ya yi tsit. Sarkin Fawa ya ɗaga hannu biyu ya ce, "Alhamdulillahi!" Dattawan benci suka leƙo suna tambaya ko ita ce, aka ce ita ce, suka shiga yi wa juna barka. Tsohon Bayaraben ya tafa. Umma ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na rawa. Ni na fita baranda na zauna a ƙasa, ina dariya ina kuka, har wata mai shara ta tsaya tana ba ni haƙuri, ta zaci rasuwa aka yi.

Sai da aka yi kwanaki yana shan ruwa-ruwa kafin farfesu ya dawo. Wannan karon Sarkin Fawa bai buɗe tukunya ba sai da ya juyo gare ni, a gaban kowa, ya ce, "'Yata, an ba da izini?" Na je na tambayo. Romo kawai, cokali biyar. Ni na ƙirga.

Maganin ƙarin ruwan ya ɗauki watanni, ya wahalar da shi, bakinsa ya yi gyambo, ya tsani warin ɗanyen nama, shi da ya girma a cikinsa. Yanzu ya wuce. Ya koma teburinsa, zariyar wandonsa ta fara sakin kulli, Sista ta dawo da kwandonta. Duk wanda ya ji yana maganar basir sai ya ɗaga riga ya nuna masa tabon, ya ce je ka a leƙa ka, ɗinkin ma ba laifi ga wanda bai koyi fawa ba.

Likita ya ce sai an yi shekaru ana dubawa kafin a saki jiki. Ya kuma ce tunda abin ya taɓa wa da ƙane, ni da ƙannena in mun manyanta mu zo a leƙa mu tun ba mu ji komai ba. Wannan maganar tana nan zaune a ƙirjina. Har yau ni nake wanki, kuma ba na sa wandonsa a ruwa sai na juya shi a rana na duba. In ya shiga bayi ya daɗe, sai in tsinci kaina a tsakar gida da tsintsiya, ina share inda na riga na share.

Jiya ma haka. Sai na ji muryarsa daga ciki.

"Uwata, na ji tsintsiyarki. Lafiya lau, ba ja ko ɗigo. Je ki kai rahoto."

Na je na gaya wa Umma.